Karayar da Ba Tasa Ba

Aikin farko da aka ba ni a gidan rediyo shi ne cire tari. An yi hira da wani dattijo a Kaduna kan noman citta, ya yi tari sau huɗu cikin minti uku. Maigidana Malam Garba ya miƙo mini faifan da reza da farin alli, ya ce in fitar da tarin in bar dattijon. A lokacin murya a kan zare take. Kana juya faifai biyu da hannu, gaba da baya, har kunnenka ya kama inda tari ya fara, ka ɗiga alli, ka nemo inda ya ƙare, ka sake ɗigawa, ka yanka a karkace, ka manne. Abin da ka yanke ba ka yar da shi. Malam Garba yakan rataye kowane yanki a wuyansa har shiri ya fita, wani lokaci har ya tafi sallar azahar da su. Da na tambaye shi dalili, ya ce wanda ka yanke wa magana yana iya zuwa ya tambaye ka ina take.

Ku matasan da ke zuwa ofishinmu na unguwar Murabba a nan Riyad da waya a hannu kuna cewa za ku fara shiri, ba ku san reza ba. Yanzu yatsa ɗaya ke yanka, kuma idan an yi kuskure a danna a dawo da shi. Shi ya sa kuke ganin aikin bai wuce daɗin murya da iya magana ba. Murya ita ce ƙaramin abu a wannan sana'a. Babban abu shi ne abin da kake yi da maganar wani bayan ya tashi ya tafi, kai kaɗai da ita a ɗaki, shi kuma ba ya jin harshen da za ka mayar da ita.

Na zo Riyad aiki a sashen Hausa na wata tasha, aka ba ni shirin wasanni na mako-mako, minti goma sha biyar. Masu sauraronmu direbobi ne da 'yan gini da masu tsaron shago, sai likitoci da ma'aikatan jinya da ke kunna mu a mota. Ba sa yafe kuskure a ƙwallon ƙafa. Ka faɗi ci biyu inda aka yi uku, kafin ka kai ƙofar fita waya ta fara ƙara. Don haka a ƙwallon ƙafa ban taɓa sakaci ba. Sakacin da na yi, na yi shi ne a wasan da na tabbata ba wanda ya san shi.

A shekarar da nake ba ku labari, shugaban sashenmu ya ce mu yi jerin shirye-shirye kan wasannin da Bahaushe bai saba da su ba. Na ambaci wannan a wani shagon shayi a unguwar Ulaisha inda muke haɗuwa da 'yan gida. Malam Iro yana wurin. Mutumin Daura ne, ya girme ni da 'yan shekaru, direba a wani kamfanin gini. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Malam Sani, ai baƙonka yana hannuna. Mudir ɗina ɗan zari-ruga ne. Har Ostireliya ya je ya buga."

Mudir ɗin, wato maigidansa a wurin aiki, Bature ne daga arewacin Ingila, injiniya mai kula da wurin gini. Zan kira shi Mista Alan, ba sunansa ba ne. Shekara shida Iro yana tuƙa shi. Ya wuce direba a wurinsa: shi ke gaya masa abin da ɗan sanda ya ce a hanya, abin da takardar Larabci ta ƙunsa, da abin da leburori ke gunaguni a kai. Wasannin Ostireliya kuwa, saboda bambancin lokaci, sukan faɗo Riyad wajen ƙarfe ɗaya na rana. Duk Jumu'a Iro na fitowa daga masallaci sai gidan Mista Alan, su zauna gaban talabijin da farantin kabsa, shinkafa da naman Larabawa. A haka ya koyi wasan. Shi ya fara bayyana mini cewa zari-ruga iri biyu ce, kuma ta mudir ɗinsa ita ce ta mutum goma sha uku, wadda ake ba ka dama shida: an kayar da ku sau shida ba ku kai ƙwallo bayan layi ba, ku miƙa ta. Ba a jefa wa ɗan'uwa ƙwallo gaba, sai baya. Iro ya ce duk wanda ya yi aiki ƙarƙashin kafil, ubangidan da takardun zamanka ke hannunsa, zai gane wannan wasa, domin ana tafiya gaba ne ana miƙa abu baya.

Mista Alan ba ya son 'yan jarida. Iro ne ya tsaya mini. Ya gaya masa ni mutuminsa ne, ya san ni, ba na ƙara gishiri. Ni kuma, tun kafin in ga mutumin, na sanar a iska cewa mako mai zuwa za mu kawo ɗaya daga cikin gwarazan Ingila da suka yi fice a Ostireliya. Wannan shi ne kuskure na farko. Ba a sanar da abin da ba ya kan faifai tukuna.

Mun yi hirar a falonsa wata Jumu'a bayan an tashi wasa. Na kashe na'urar sanyaya ɗaki saboda gurnaninta, na sa makirfo taƙi ɗaya daga bakinsa, na ce ya gaya mini abin da ya ci da safe don in daidaita ƙarfin murya. Minti arba'in muka yi. Ya ce a garuruwansu na ma'adinai da masaƙu, yaro yana tashi ne da sanin cewa gasar Ostireliya ta fi tasu zafi. Fili a bushe, rana mai ƙuna, gudu ba tsayawa, kuma mutanen can ba sa ganin ɗan Ingila da gashi sai sun buge shi ya tashi, sun sake buge shi ya sake tashi. Ya ce 'yan Ingila da suka yi suna a can, yawancinsu 'yan gaba ne masu ƙirji, waɗanda aikinsu su ɗauki ƙwallo su shiga cikin mutum uku da gangan. Ya lissafa mini waɗanda yake ganin sun fi kowa, ya faɗi dalilinsa a kan kowanne. Sunayen ba za su amfane ku ba, na bar su.

Sai na tambaye shi inda ya sa kansa a cikinsu. Ya yi dariya ya ce ba ya ciki, ko kusa. Kakar wasa ɗaya da 'yan watanni ya yi a can, mafi yawa a benci, aka sallame shi ya koma gida ya karanta injiniya. Ya ce idan gwarzo nake nema, to abokinsa ne, Toni, wanda suka tashi a layi ɗaya suka hau jirgi ɗaya. Ya ba ni labarin ranar da Toni ya karye a hannu tun farkon wasa, ya zo bakin fili ya ce, "Hannuna ya karye, ku ɗaure shi, zan koma." Aka ɗaure, ya koma, ya gama wasan. Mista Alan yana benci yana kallo, kuma shi ya yanke ɗaurin da almakashi bayan an tashi, domin hannun ya kumbura ya cinye bandejin. Ya ce yanzu Toni yana gida, dukan da ya sha a ka ya taɓa masa tunani, wata rana ya gane matarsa wata rana bai gane ta ba. Ya roƙe ni abu ɗaya: in ba shi kwafin shirin ya aika wa matar, ta kunna wa Toni ya ji an ambaci sunansa da wani harshen Afirka a tsakiyar Saudiyya.

Ranar Lahadi shugaban sashe ya saurari farkon faifan ya cire abin kunne. Ya ce na yi wa mutane alkawarin gwarzo na kawo ɗan benci. Ko in samo wani, ko a sa kokawa a gurbin. Bai ce in yi ƙarya ba. Wannan nawa ne.

Ku fahimci yadda ake ɗora murya. Ana barin baƙo ya yi magana da harshensa na daƙiƙa uku ko huɗu, don mai sauraro ya yarda mutum ne na gaske, sannan a yi ƙasa da shi, Hausa ta hau kai. Daga nan duk abin da mai fassara ya faɗa, shi ne baƙo ya faɗa. Na nemo wurin da Mista Alan ya kwaikwayi abokinsa, na yanke abin da ya gabace shi, na bar muryarsa tana cewa hannuna ya karye, ku ɗaure. Na cire benci. Na cire sallama. Na cire Toni gaba ɗaya. Jerin gwarazan da ya lissafa na bar shi, na ƙara sunan Mista Alan a ƙarshe da bakina. Aikin bai ɗauke ni awa ɗaya ba, kuma a sana'ance ya yi kyau, ba ka jin tabon yanka ko ɗaya. Na gaya wa kaina cewa labarin gaskiya ne, an karye, an ɗaure, an koma; hannun wane ne, wa zai damu a Ulaisha?

Shirin ya karɓu fiye da duk wanda na yi a shekarar. Aka yi ta kira. A shagon shayi aka fara ce wa Iro direban mai hannun ƙarfe. Na lura bai yi dariya ba, ya sha shayinsa ya tashi da wuri. Ban bi shi ba.

Abin da ya faru a mota, daga baya na ji. Mista Alan ya kunna kwafin da na aika, ya ce Iro ya fassara masa. Iro ya riga ya ji shirin, ya san abin da ke ciki. Yana da zaɓi biyu: ya tona wa ɗan'uwansa Bahaushe asiri a gaban Bature, ko ya rufa. Ya rufa. Ya mayar da labarin yadda aka faɗe shi a falo. Mista Alan ya saurara har ƙarshe ya ce bai ji sunan Toni ba. Iro ya ce masa a wurinmu ba a kama sunan babban mutum, alkunya ake yi, sai dai a ce gwarzo; duk inda ya ji gwarzo, Toni ake nufi. Abin ya burge Mista Alan. Ya aika wa matar Toni faifan, har da bayanin wannan kyakkyawar al'ada tamu.

Wata guda aka yi a haka. Sai gwiwar Mista Alan ta tashi, tsohon ciwo, Iro ya kai shi wani asibitin kuɗi a gefen unguwar Shumaisi. Likitan ƙashin da ya duba shi ɗan Katsina ne, kuma ba ya fashin shirina. Da ya ga sunan, ya bar gwiwa ya kama hannun dama yana juyawa, ya kama na hagu, yana yaba yadda ƙashin ya haɗe ba alama. Mista Alan ya ce bai taɓa karyewa a hannu ba. Likita ya ciro waya ya nemo shirin. Mista Alan ya ce ya fassara masa jimla-jimla, kada ya tsallake komai.

Iro yana cikin mota yana jira. Mista Alan ya fito ya tsaya a tagar direba, ya yi masa tambaya ɗaya, ko ya sani. Iro ya ce ya sani. Mista Alan ya karɓi makulli ya tuƙa kansa. Washegari kamfani ya ce Iro ya zauna a gareji sai an neme shi. Iƙamarsa, takardar izinin zama, saura wata biyu ta ƙare, kuma direban da ba shi da wanda yake tuƙawa ba a sabunta masa, takardar fita ake ba shi. Yana da 'ya'ya biyu a jami'a a gida.

Ya same ni a ƙofar ofis da la'asar. Bai ɗaga murya ba. Ya gaya mini duk abin da ya faru, a jere, kamar mai ba da rahoto. Na fara cewa ai da ya faɗi gaskiya tun a mota.

"Haka ne," ya ce. "Da na ce masa mutumin da na rantse a kansa maƙaryaci ne. Kai da za ka so haka?"

Na ce zan gyara.

"Da me? Da reza?"

Kwana tara ban yi komai ba. Na rubuta wa Mista Alan wasiƙa sau uku, kowace tana cewa an sami kuskure wajen tace shiri, kamar shirin ne ya tace kansa. Ban aika ko ɗaya ba. Na daina zuwa shagon shayi. Na gabatar da shiri kan tseren raƙuma da murya mai daɗi. A rana ta goma na ji an ce Iro ya fara tambayar masu kai kaya Kano nawa suke ɗaukar akwati, sai na tafi wurin ginin.

Mista Alan ya karɓe ni a ofishinsa na kwantena, bai ce in zauna ba. Na ce masa ni na yi yankan, da sani, ni kaɗai, Iro bai ji ba sai a rediyo kamar kowa. Ya ce wannan ya gane. Ya ce matar Toni kullum da safe tana kunna masa faifan, duk inda aka ce gwarzo ta taɓa masa kafaɗa ta ce kai ne. Shi ya buga mata waya ya gaya mata cewa abin da take kunna wa mijinta, labarin yadda abokinsa ya sace masa karaya ne. Na yi ƙoƙarin bayyana masa rufin asiri, cewa a wurinmu abin da Iro ya yi ba cin amana ba ne, kare mutuncin wani ne. Ya saurara. Ya ce, "Na yarda. Amma ni a garin nan kurma ne, shi ne kunnena. Idan kunnena zai rufa wa wani asiri a kaina, da me zan ji?"

Na ce masa ainihin hirar tana nan, ban goge ko daƙiƙa ba. A kwamfutata akwai wurin da nake tara duk abin da na yanke, na sa masa suna Wuya, saboda Malam Garba. Na ce zan sa ta a iska yadda take. Ya ce wannan tsakanina ne da masu saurarona. Na ce to Iro fa. Ya ce zai yi tunani.

Na gaya wa shugaban sashe komai. Ya ba ni takardar gargaɗi, ya ce gyaran zai fita a lokacin da ƙaryar ta fita, da tsawonta, kuma da bakina. Haka ƙa'ida take, ku riƙe ta: ba a yin ƙarya a kanun shiri a yi gyara a wutsiya. Na buɗe da cewa a makon kaza na gaya muku baƙona ya karye a hannu ya ci gaba da wasa, wannan ba gaskiya ba ne, ni na yanke maganarsa na juya ta. Sannan na sa hirar. Na bar bencin, na bar sallamar, na bar dariyar da ya yi da na tambaye shi matsayinsa. Sunan Toni ya fito sau goma sha ɗaya, na ƙirga, kuma kowane na bar shi ya fito da muryar Mista Alan kafin Hausa ta hau. Na kai wa likitan nan rubutun fassarar ya duba kafin in karanta. Ya gyara mini wuri biyu.

An yi kira bayan shirin, ba kamar na farko ba. Wani direba daga unguwar Bada ya ce shi ɗan bencin ya fi burge shi, domin yawancinmu a nan benci muka zo muka zauna. Wani ya ce daga yau ko ci nawa na faɗa sai ya tambayi wani. Da gaskiyarsa. Shekara biyu ana kirana don a tabbatar da abin da ban yi kuskure a kai ba.

Mista Alan ya aika wa matar Toni sabon faifan. Ya kuma rubuta wa kamfani cewa Iro direba ne mai kyau, bai taɓa haɗari ba, a sabunta masa iƙama. Aka sabunta. Amma bai mayar da shi motarsa ba. Aka ba Iro bas ɗin leburori, ya kwaso su da asuba ya mayar da yamma, cikin zafi, ba kabsar Jumu'a, ba talabijin. 'Ya'yansa sun gama karatu. Mista Alan ya gama kwantiraginsa ya koma Ingila, ya yi sallama da Iro a gareji, hannu da hannu, cikin mutunci, kamar yadda ake yi da kowane ma'aikaci.

Ni aikina bai taɓu ba. Takardar gargaɗi tana cikin fayil, ba wanda ya sake buɗe ta. Idan kun zo kuna tambayata wace manhaja ce ta fi saurin yanka, wannan nake so ku fara ji. Mai yanka ba shi ke zubar da jini ba. Kafin ku taɓa maganar baƙo, ku tuna wa ya kawo muku shi, da abin da ya jingina kafin a buɗe muku ƙofa.

Iro yana nan, har yanzu yana gaishe ni, yana ce mini Malam mai reza, a gaban kowa, ni kuma ina amsawa. Bai sake kawo mini baƙo ba. Wata Jumu'a a bara na fito daga masallaci a Ulaisha na hango bas ɗinsa a inuwar wani gini. Yana zaune a kujerar direba, ya jingina waya a sitiyari, yana kallon wasan Ostireliya shi kaɗai. Na ƙwanƙwasa ƙofa na ce ko zan iya zama in gani, har yau ban taɓa kallon wasan daga farko zuwa ƙarshe ba. Ya dube ni, ya kwashe tabarmar sallarsa daga kujerar gefe.

"Zauna," ya ce. "Amma ka kalla da idonka. Na daina yi wa mutane fassara."